Wa za a bari ya shiga, wa za a tsayar a ƙofa: fashin baƙi kan dokokin allow da deny a sabar yanar gizo

Daren ranar da wata makarantar sakandare da nake kula wa da shafin intanet ta saki sakamakon ƙarshen zango, na buɗe kundin da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Sai na tarar adireshin IP guda, wato lambar da na'ura ke fita intanet da ita, ya cika allon, layi bayan layi, yana ta gwada kalmomin sirri a shafin masu gudanarwa. Ban yi wata-wata ba na rubuta dokar toshe shi, na haɗa da maƙwabtansa na jeri ɗaya don kada ya sauya lamba ya dawo, na je na kwanta. Kafin hantsi shugabar makarantar ta kira ni. "Malam, iyaye sun cika mana ofis. Wai shafin ya ƙi buɗe musu, sai wata lamba 403 yake nunawa." Ashe adireshin da na toshe na kamfanin waya ne, kuma ta cikinsa jama'a masu ɗimbin yawa ke fita intanet. Garin neman gira na rasa ido. Wata uwa ta hau Keke Napep tun daga bayan gari don jin sakamakon ɗanta, abin da ya kamata ta gani tana zaune a tsakar gidanta, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Tun daga ranar nake kallon waɗannan 'yan layuka da idon basira. A ido ba su da wuya: kalma ɗaya ta ce a bari, ɗaya ta ce a hana. Wahalar tana cikin tambayoyi uku da mai rubuta su ba ya yawan yi wa kansa. Idan dokar bari da dokar hani duka sun hau kan baƙo guda, wacce za ta yi rinjaye? Idan babu wacce ta ambace shi, me za a yi da shi? Sannan adireshin da sabar ke gani, na wane ne takamaimai?

Da farko a san abin da sabar ke da shi a hannu. Duk lokacin da burauzarka ta nemi shafi, sabar tana ganin adireshin da buƙatar ta fito, da hanyar fayil ɗin da ake nema, da irin buƙatar, ko karɓa ce ko aikawa. Ba ta ganin fuska, ba ta san suna ba. Da waɗannan za ta yanke hukunci, kuma idan hukuncin hani ne sai ta mayar da amsa mai lamba 403, wato ta ji abin da kake so amma ba za ta ba ka ba. Wannan daban yake da 401, wadda ke nufin ka gabatar da kanka tukuna, da kuma 404, wadda ke cewa abin babu shi.

Dabarar ta girmi shafukan yanar gizo kansu. A 1990 Wietse Venema, yana Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan, ya rubuta manhajar TCP Wrappers saboda wani mai kutse da ya addabi kwamfutocinsu. Fayil biyu ya yi amfani da su, hosts.allow da hosts.deny. Ana fara duba na farko, in an sami baƙon a ciki ya wuce. In ba a samu ba a duba na biyu. In nan ma babu shi, sai a bar shi ya shiga. Ka riƙe wannan gaɓar ta ƙarshe, domin ita ce za ta yi ta dawo mana.

Sabar Apache, wadda ta fito a 1995, ta zo da nata salon, kuma wannan salon ne ya fi rikita mutane a tarihin harkar. Har zuwa zubi na 2.2, ana rubuta abu kamar haka:

Order Deny,Allow
Deny from all
Allow from 203.0.113.0/24

Manufar ita ce a hana kowa, a bar masu adireshin da ke wancan jerin kaɗai. Mai karatu zai ɗauka daga sama zuwa ƙasa sabar ke bi, ta tsaya a inda ta fara dacewa. Sam ba haka ba ne. Jerin layukan a cikin fayil ba shi da wani tasiri. Ko ka ɗora Allow a sama ka mayar da Deny ƙasa, sakamakon bai sauya ba. Layin Order ne kaɗai ke faɗin yadda za a yi. Idan an rubuta Deny,Allow, sabar za ta tattara duk dokokin hani ta duba, sannan ta tattara duk dokokin bari ta duba, kuma na ƙarshen ne ke da ta cewa. Wanda hani da bari suka hau kansa a tare, ya shiga. Wanda babu dokar da ta ambace shi, shi ma ya shiga. Idan kuwa an rubuta Allow,Deny, sai lamarin ya juye: wanda dokokin biyu suka hau kansa an hana shi, wanda ba a ambata ba shi ma an hana shi.

To a nan gizo ke saƙar. Kalmar da ta zo a farko ita ido ke fara kamawa, sai mutum ya ga Deny,Allow ya ji a ransa cewa wannan ne mai tsauri tunda hani ne a gaba. Alhali shi ne mai sassauci, ƙofarsa a buɗe take ga duk wanda ba a kira sunansa ba. Na sha ganin fayil da aka rubuta Order Deny,Allow, aka bi shi da Allow from da adireshin ofis, aka manta da Deny from all. Mai shi yana barci da minshari, ya tabbata ma'aikatansa kaɗai ke shiga, alhali duniya duka na shiga, domin babu wanda aka hana. Akasin haka ma yana faruwa: a rubuta Order Allow,Deny tare da Deny from all da Allow from na ofis, sai kowa ya tsaya a waje har da mai gidan, tunda hani ne ke da maganar ƙarshe kuma ya haɗa kowa. Wannan na biyun ya fi sauƙi, don nan take za ka gane, wayarka ba za ta huta ba. Na farkon kuwa shiru yake yi, babu wanda zai kira ka ya ce an bar shi ya shiga inda bai kamata ba. Hatta waƙafin da ke tsakanin kalmomin biyu yana da ƙa'ida: ba a barin fili bayansa, in ka bari sabar za ta ƙi karɓar saitin.

A Fabrairun 2012 aka saki Apache 2.4, aka kawo sabuwar hanya da kalmar Require. Abin da ya ɗauki layi uku a da ya koma layi ɗaya:

Require ip 203.0.113.0/24

Wanda ya cika sharaɗin ya shiga, wanda bai cika ba ya tsaya. A ganina wannan gyara ne na gaske, domin ya sa abin da ido ya karanta ya zama shi ne abin da zai faru. Amma shi ma yana da nasa lungu. Idan ka jera layukan Require biyu ko uku ba tare da ka kewaye su da komai ba, sabar tana ɗaukar cewa cika ɗaya daga cikinsu ya wadatar. Wanda ya rubuta Require ip na ofis, ya bi shi da Require valid-user yana nufin sai an cika duka biyun, ya yi kuskure: duk mai kalmar sirri zai shiga daga ko'ina, duk wanda ke cikin ofis kuma zai shiga ba tare da kalmar sirri ba. In kana son a haɗa sharuɗɗan, dole ka sa su cikin RequireAll. Haka dokar Require not ip, ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, domin cire wani daga jeri ba ya nufin an ba sauran izini; sai an haɗa ta da Require all granted a cikin RequireAll ɗin.

Don kada tsofaffin shafuka su rushe a dare ɗaya, an bar wani ɓangare mai suna mod_access_compat da ke fahimtar tsohon yaren. Zubi na 2.2 ya yi bankwana tun 2017, amma har gobe intanet cike take da tsofaffin darussa, matasanmu masu koyon harkar suna kwafo Order da Deny from suna liƙawa a kan sabar da sauran saitinta ke magana da Require. Takardun Apache kansu sun ce haɗa biyun yana yiwuwa amma ba a so, kuma ni na ɗauki maganar da muhimmanci. Idan ka gauraya su, sai ka ga ka buɗe wuri da sabuwar doka amma tsohuwar da ke wani fayil ta ci gaba da rufe shi. Kundin kurakurai yana taimakawa a nan: saƙon hanin da ke ɗauke da lambar AH01630 daga sabon tsarin ya fito, mai AH01797 kuma daga tsohon. Kalmomin saƙon iri ɗaya ne, lambar ce ke nuna maka wanda ya tare ƙofar.

Yanzu bari in kawo abin da ya sa nake cewa tambayar wanda ba a ambata ba ita ce uwa. A cikin saitin da Apache ke zuwa da shi akwai wasu layuka da ke cewa tushen faifan kwamfutar baki ɗaya, wato Directory /, an sa masa Require all denied. Daga nan sai a buɗe foldar shafin ita kaɗai. Mutane da dama, idan 403 ta ishe su kuma suna sauri, sukan je su mayar da wannan denied ɗin granted, shafi ya buɗe, su ce alhamdulillahi. A Satumban 2021 aka saki Apache 2.4.49 da wata ɓaraka a yadda take tace hanyar fayil. A ƙa'ida sabar ba ta yarda a yi amfani da ɗigo biyu a haura sama a fita daga foldar shafi. Sai aka gano cewa idan aka rubuta ɗigon a ɓoye da lambarsa, wato %2e, matatar ba ta gane shi. Da layi ɗaya mai kutse zai fita daga foldar ya karanto fayil irin /etc/passwd mai ɗauke da sunayen masu asusu a kwamfutar, inda kuma aka kunna CGI, hanyar da sabar ke gudanar da wasu manhajoji, har umarni zai iya ba kwamfutar. An yi wa ɓarakar rajista da CVE-2021-41773. A farkon Oktoba aka fitar da 2.4.50 don toshe ta, sai aka ga gyaran bai cika ba, cikin 'yan kwanaki aka sake fitar da 2.4.51. Abin lura shi ne sanarwar Apache ta fayyace cewa harin yana cin nasara ne a kan fayilolin da Require all denied bai rufe su ba. Sabar biyu masu zubi ɗaya da ɓaraka ɗaya, wadda ta bar tushenta a kulle ta mayar wa mai kutse 403, wadda aka buɗe don gudun ciwon kai ta miƙa masa abin da ya nema. Wanda ya rubuta wancan layin bai san da ɓarakar 2021 ba, kuma bai buƙaci ya sani ba, tunda ya riga ya ce duk abin da bai buɗe da hannunsa ba a rufe yake.

Nginx, wata sabar ce daban wadda Igor Sysoev ɗan ƙasar Rasha ya saki a 2004, ita kuwa ta bi hanyar da ta fi kusa da tunanin mutum. Daga sama take karantowa, dokar farko da ta dace ita ce hukunci:

allow 203.0.113.0/24;
deny all;

A nan jeri shi ne komai. Ka ɗora deny all a sama, ka rufe kowa. Ka manta da shi gaba ɗaya, ka buɗe wa kowa, domin ita ma wanda ba ta samu a jeri ba barinsa take yi. Tarkonta na wani wuri ne daban. A Nginx, location shi ne sashen saiti da ke faɗin yadda za a yi da wata hanya. Ka ce ka rufe foldar masu gudanarwa da location /admin/, sannan a ƙasa kana da wani location da ke kama duk fayil mai ƙarewa da .php ya miƙa shi ga PHP, manhajar da ke gudanar da irin waɗannan fayiloli. Nginx location ɗaya kawai take zaɓa wa kowace buƙata, kuma mai kama ƙarshen suna yakan rinjayi mai kama farkon hanya. Sakamakon haka hotuna da sauran tarkacen foldar suna kulle, amma /admin/index.php, wanda shi ne ainihin abin da kake karewa, ya bi ta ɗaya ƙofar inda babu mai gadi. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. Maganinsa a sa alamar ^~ a gaban hanyar foldar, a kuma shigar da sarrafa PHP ɗin a cikinta. Wani abin kuma, dokokin da ka rubuta a matakin sama suna gangarowa ƙasa ne kawai idan matakin ƙasan ba shi da nasa. Da zarar ka sa allow guda a ciki, na saman duka sun daina aiki a wurin.

Batun .htaccess, fayil ɗin da ake ajiyewa a cikin folda a rubuta wa Apache dokokin wurin, gajere ne amma yana cin mutane. Nginx ba ta karanta shi ko kaɗan, don haka wanda ya kwashe shafinsa daga Apache ya koma can ya bar duk makullansa a baya, har fayil ɗin .htpasswd mai ɗauke da kalmomin sirri ma za a iya saukewa in bai rufe shi da sabuwar doka ba. A Apache 2.4 kuwa, in AllowOverride yana kan None, wanda shi ne asalin saitinsa, sabar ba za ta ko kalli fayil ɗin ba, kuma ba za ta gaya maka ba. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in rubuta shirme a layin farko in sake buɗe shafin. In ya faɗi da 500, lambar kuskuren sabar, ana karantawa. In ya buɗe lafiya lau, to dokokina ado ne kawai.

Saura tambaya ta uku, wadda ta kai ni ga abin da ya faru da iyayen yaran nan. Adireshin IPv4, tsohon tsarin adireshin IP, lamba ce mai bit 32, jimillarsu kusan biliyan 4.3, kuma tun Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta raba na ƙarshe ga hukumomin yankuna, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka daga Morishiyos. Wayoyin da ke hannun jama'a sun fi ƙarfin abin da ya rage. Shi ya sa kamfanonin waya ke tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, har a 2012 aka keɓe jerin 100.64.0.0/10 musamman don wannan aiki a cikin gidan kamfanonin. A wurinmu, inda akasarin mutane da datar waya suke shiga intanet, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Adireshin da ka gani a kundi yana iya zama na mai kutse da malamin makaranta da mai sayar da katin waya a lokaci guda, gobe kuma ya koma hannun wasu. Lambar da ke bayan alamar / a ƙarshen adireshi ita ke nuna faɗin ramin da ka haƙa: /32 adireshi ɗaya ne, /24 guda 256 ne, /16 kuwa 65,536. Ni /24 na rubuta a daren nan, kowane ɗaya daga cikinsu kuma da jama'arsa a baya. Shi mai kutsen, da ya kashe data ya kunna, ko ya hau VPN, hanyar da ke fitar da mutum intanet da adireshin wata kwamfutar, ya sami sabuwar lamba ya ci gaba da abinsa.

Wannan ne ya sa nake ganin jerin hani, wato bin miyagu ɗaya bayan ɗaya ana toshewa, aikin baban giwa ne idan da hannu ake yi. In dole ne, gara a bar wa manhaja irin fail2ban, wadda ke karanta kundi ta toshe mai yawan kuskuren kalmar sirri na ɗan lokaci sannan ta sake shi. Jerin bari shi ne mai amfani, kuma wurinsa ƙofofin da mutane ƙalilan ke buƙata: shafin masu gudanarwa, phpMyAdmin na sarrafa ma'ajiyar bayanai, shafin server-status mai nuna abin da sabar ke ciki. Ko a nan ma sai ofishin yana da tsayayyen adireshi. In da datar waya ma'aikatan ke aiki, gara a kafa musu VPN na gida a ba adireshinsa izini, a kuma ɗora kalmar sirri a kai.

Akwai kuma yanayin da adireshin da sabar ke gani ba na baƙon ba ne kwata-kwata. Idan shafinka yana bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyara, ko ka sa Nginx a gaba tana miƙa wa Apache, to duk buƙata daga wannan ɗan tsakiyar take isowa. Mafi muni shi ne idan a kwamfuta ɗaya suke: Apache za ta ga kowa a matsayin 127.0.0.1, wato ɗan gida, sai dokar Require local da ka sa wa server-status ta buɗe wa duniya, kowa ya ga adireshin masu ziyara da shafukan da suke nema. Ɗan tsakiyar yakan rubuta adireshin asali a wani layi na kan buƙatar mai suna X-Forwarded-For, amma wannan layi kowa na iya rubuta shi da hannunsa ya sa lambar da ya ga dama. Don haka ba a gaskata shi sai daga bakin wanda aka sani. A Apache aikin mod_remoteip ne, inda za ka lissafa amintattun 'yan tsakiya. A Nginx kuma set_real_ip_from. Wanda ya sa 0.0.0.0/0 a wurin ya ce ya yarda da shaidar kowa a kan kansa, kuma duk jerin barinsa ya tashi a banza. Kada a manta da IPv6, sabon tsarin adireshi, ma: sabar da ke sauraro ta hanyoyin biyu, dokar hanin da aka rubuta da lambobin IPv4 kaɗai ba ta taɓa wanda ya zo ta ɗayar.

A makarantar nan, abin da na yi daga baya shi ne na cire toshiyar gaba ɗaya, na bar shafin sakamako a buɗe ga kowa, na mayar da shafin masu gudanarwa bayan VPN da kalmar sirri a cikin RequireAll guda. Na kuma sauya yadda nake gwaji. Kafin in sake loda saiti ina gudanar da apachectl configtest, ko nginx -t, amma waɗannan nahawu kawai suke dubawa, ba su san niyyata ba. Saboda haka bayan na loda sai in kashe Wi-Fi ɗin ofis, in kunna datar wayata, in nemi shafin da ya kamata a hana ni, da foldar da kuma fayil ɗin .php da ke cikinta kowanne daban, ina jiran 403 a duka biyun. Sannan in sauya zuwa layin wani kamfanin in nemi shafin sakamako. Daga ƙarshe in kira mai gadin makarantar, wanda ƙaramar wayarsa ke kan layi na uku, in ce, "Baba, don Allah buɗe min shafin nan ka gaya min abin da ka gani."